Adana Bayanan Kwamfuta: Darasi Ga Ɗalibin Harshe Mai Shirin Fita Bincike

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a sashen harsuna ya san akwai kundin kammala digiri yana jiran sa. Kafin a rubuta kundin kuwa, sai an fita an tattaro bayanai: a yi hira da dattawa, a ɗauki tatsuniyoyi da kirari, a ɗauki hoton tsofaffin rubuce-rubuce, a jera kalmomin wani karin harshe. A da, kayan aikin mai bincike su ne biro da littafi da rikoda mai kaset. A yau kuwa kusan komai cikin waya da kwamfuta yake shiga.

Wannan sauyi ya kawo sauƙi, amma ya zo da tambayar da ba kasafai muke yi wa kanmu ba: shin bayan shekara goma ko ashirin, akwai wanda zai iya buɗe abin da muka tara ya amfana da shi? A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin nuna cewa bayanan kwamfuta ba sa adana kansu. Takarda in aka ajiye ta a busasshen wuri, aka tsare ta daga gara da gobara, tana iya shekaru ɗaruruwa ba tare da an waiwaye ta ba. Shi kuwa fayil kamar dabbar kiwo yake, ranar da aka daina kula da shi, ranar ya fara lalacewa. Zan kawo misalai daga manyan hukumomin duniya, sannan in bayyana matakan da ɗalibi zai iya ɗauka da ɗan abin da ke hannunsa.

2.0 Ma'anar Bayanan Kwamfuta da Adana Su

Abin da nake nufi da bayanan kwamfuta shi ne duk wani rubutu ko sauti ko hoto ko bidiyo ko jadawali da ba a iya karanta shi sai da na'ura. Sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda tun asali a na'ura aka samar da su, kamar hirar da aka ɗauka da waya. Akwai kuma waɗanda aka juya daga wani abu, kamar tsohon kaset da aka mayar fayil, ko takardar ajami da aka ɗauki hotonta.

Ya kamata kuma mu bambance ajiya da adanawa. Ajiya ita ce a sa fayil a wani wuri. Adanawa kuwa ita ce a tabbatar da abubuwa huɗu: fayil ɗin yana nan, ana iya buɗe shi, bai canza ba, kuma an san mene ne shi da inda ya fito. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, to ajiya aka yi kawai.

3.0 Hanyoyin da Bayanai Ke Salwanta

3.1 Tsufan Na'ura da Manhaja

A shekarar 1086 aka rubuta wani kundi a Ingila mai suna Domesday, wanda ya ƙunshi ƙididdigar filaye da dukiyoyin ƙasar. A kan fata aka rubuta shi, kuma har yau yana nan a ma'adanar tarihi ta ƙasar ana karanta shi. A 1986, domin bikin cikarsa shekara 900, gidan rediyo da talabijin na BBC ya shirya sabon kundi na zamani. Sama da mutum miliyan ɗaya ne suka sa hannu, akasarinsu 'yan makaranta, aka tara rubutu da hotuna da taswirori da bidiyo a kan wasu manyan faya-fayai guda biyu da sai wata kwamfuta ta musamman ke iya karantawa. Kafin shekarar 2002, irin wannan kwamfuta ta kusa ƙarewa a duniya. Sai da masana daga jami'o'in Lids ta Ingila da Mishigan ta Amurka suka duƙufa kafin aka ceto aikin. Ke nan kundin fata ya haura shekara 900 lafiya lau, na kwamfuta kuwa bai cika 20 ba ya shiga halin ha'ula'i.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Faifan fulofi da aka yi ta amfani da shi a shekarun 1990, kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011. Faifan CD ma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin sa shi.

3.2 Lalacewar Abin Ajiya

Babu wani abin ajiya da ke dawwama. Kaset yana narkewa ko ya manne saboda zafi da laima. Faifan CD yana kankarewa. Rumbun kwamfuta yana da sassa masu juyawa, faɗuwa ɗaya tana iya gamawa da shi. Filashi da katin memori kuwa, in aka daɗe ba a jona su da wuta ba, abin da ke cikinsu yana iya zubewa a hankali. Abin tsoron shi ne, takarda in ta fara lalacewa ana gani, kuma ko gara ta ci rabin shafi ana karanta sauran rabin. Shi kuwa fayil ba ya nuna alama, sai ranar da aka zo buɗe shi ya ƙi.

3.3 Sakacin Ɗan'adam

A watan Yuli na 1969 ne kumbon Apollo 11 ya sauke mutane a duniyar wata. A 2009 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta bayyana cewa bayan dogon cigiya ba a ga ainihin kaset-kaset ɗin da aka fara naɗar hotunan saukar a kansu ba. Abin da binciken ya fi karkata a kai shi ne an goge su, an sake naɗar wasu bayanai a kansu a lokacin da aka yi ƙarancin kaset. Hotunan da muke gani a yau daga kwafin gidajen talabijin aka samo su, waɗanda ba su kai na asali kyau ba. Ba mugunta ce ta jawo haka ba. Babu dai wanda ya ware kaset-kaset ɗin ya rubuta cewa waɗannan ba na gogewa ba ne.

3.4 Dogaro da Wuri Ɗaya

A daren 2 ga Satumba, 2018, gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil da ke birnin Riyo. Daga cikin abin da aka rasa har da muryoyi da rubuce-rubucen da aka tara kan harsunan 'yan asalin ƙasar, wasu ma harsunan babu sauran mai jin su a doron ƙasa. Wannan hasara ta fi shafar mu ɗaliban harshe, domin harshen da masu shi suka ƙare, muryar da aka ɗauka ita kaɗai ce shaidarsa.

Kada kuma a ɗauka sa abu a intanet ya wadatar. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 a yayin da yake sauya ma'ajiya, an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Haka kuma a watan Oktoba na 2023 'yan kutse suka afka wa babban ɗakin karatu na Birtaniya, suka tsayar da ayyukansa na intanet na tsawon watanni. In har manya irin waɗannan sun gamu da haka, to ina ga ɗalibin da duk aikinsa ke cikin waya ɗaya a aljihu?

3.5 Ɓacewar Bayanan Masu Bincike

Wani zai ce ai masana kimiyya sun fi kowa kula. A 2014 mujallar Current Biology ta buga wani nazari da Timothy Vines da abokan aikinsa suka yi. Sun zaɓi maƙalu 516 da aka buga tsakanin 1991 da 2011, suka nemi marubutan su ba su ainihin bayanan da aka gina maƙalun a kansu. Sun gano cewa duk shekara ɗaya da ta wuce bayan buga maƙala, damar samun bayanan tana raguwa da kashi 17 cikin ɗari. Manyan dalilan su ne adireshin imel da ya daina aiki, da kuma tsofaffin abubuwan ajiya da babu na'urar karanta su. Illar wannan ita ce, binciken da bayanansa suka ɓace ba a iya tantance shi, ba a kuma iya ɗora sabon aiki a kansa.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai wata matsala da ta keɓanta da masu rubutu da Hausa. Na tabbata da yawa daga cikinmu sun taɓa buɗe wani tsohon fayil suka ga an rubuta }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, ko ta~a a maimakon taɓa. Dalili shi ne, a lokacin da kwamfuta ba ta ba da damar buga haruffanmu cikin sauƙi ba, an ƙirƙiro wasu salon haruffa na musamman da suka ari gurbin wasu alamomi suka sa musu siffar ɓ da ɗ da ƙ. Dabara ce da ta yi amfani ƙwarai a zamaninta. Sai dai kwamfutar ba ta san harafi aka buga ba, alama take gani. Da zarar an kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da wancan salo, sai asiri ya tonu.

Maganin wannan shi ne tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, wanda kuma ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. A cikinsa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne yana da gurbinsa, manya da ƙanana. Wanda ya buga da wannan tsari, rubutunsa zai fito daidai a waya da kwamfuta da intanet, kuma in aka nemi kalma za a same ta. Wanda kuma ya watsar da ƙugiya gaba ɗaya don gudun wahala, shi ma ya yi ɓarna, domin ya bar mai karatu na gobe da rarrabe kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daidai da ɗaiɗai. Shawarata ita ce duk mai tsohon fayil irin wancan ya juya shi zuwa Unicode tun yana iya buɗe shi, ya kuma ajiye na asalin a gefe.

5.0 Yadda Ma'adanai Ke Tunkarar Matsalar

A Nijeriya an kafa ma'adanar tarihi ta ƙasa a Ibadan a 1954 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Irin waɗannan ma'adanai an gina su ne domin takarda. Da bayanan kwamfuta suka yawaita, sai ya zama dole ma'adanai a duniya su fito da sababbin ƙa'idoji.

Mafi shahara ita ce ƙa'idar OAIS, wadda ta samo asali daga hukumomin binciken sararin samaniya, ta kuma zama ƙa'idar duniya a 2003. Ta tanadi cewa ma'adana ta san abin da ta karɓa, da abin da take adanawa, da abin da take miƙa wa mai nema, kuma ta san su wane ne masu amfani da kayanta domin ta ajiye musu shi ta yadda za su fahimta. A wannan shekara ce kuma hukumar UNESCO ta fitar da yarjejeniya kan kare gadon tarihi na kwamfuta. A 2016 kuma wasu masana suka fito da ƙa'idojin FAIR, masu cewa bayanan bincike su kasance ana iya gano su, ana iya isa gare su, suna iya aiki tare da wasu bayanan, kuma ana iya sake amfani da su.

A aikace, dabaru uku ma'adanai suka fi amfani da su. Ta farko ita ce sabunta ajiya, wato kwashe fayil daga tsohon rumbu zuwa sabo kafin tsohon ya mutu. Ta biyu ita ce ƙaura, wato juya fayil daga tsarin da ke shirin ɓacewa zuwa wanda ake yayi. Ta uku ita ce kwaikwayo, wato a sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki tamkar tsohuwa domin ta buɗe tsohon fayil. Da wannan ta ukun aka ceto kundin BBC da na ambata a baya. Bugu da ƙari, suna lissafa wa kowane fayil wata doguwar lamba mai kama da zanen yatsa. Ko ɗigo ɗaya ya canza a cikin fayil, lambar za ta canza, ta haka ake gane ya fara lalacewa, a maye gurbinsa da lafiyayyen kwafi.

Akwai kuma ma'adanai da aka kafa musamman domin harsuna. Misali ita ce ELAR, wadda ta fara a makarantar SOAS ta Landan, ta koma Balin ta ƙasar Jamus a 2021. Tana karɓar muryoyi da bidiyo na harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa, ciki har da na Nijeriya.

6.0 Matakan da Ɗalibi Zai Ɗauka

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Adana bayani yana farawa ne tun kafin a danna maɓallin ɗauka. Ga matakai bakwai da nake ganin kowane ɗalibi zai iya bi.

Na ɗaya, zaɓar tsari mai ƙarko. Domin sauti, a ɗauka da WAV in na'ura ta ba da dama. Tsarin MP3 yana zubar da wani sashe na sauti domin fayil ya ƙanƙance, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Mai nazarin furuci da zai auna bambancin k da ƙ a manhajar Praat yana buƙatar sautin da bai ragu ba. Gaskiya ne WAV yana cin wuri, domin awa ɗaya mai inganci tana iya kai wa gigabait ɗaya, amma dattijon da aka yi hira da shi ba lallai a sake samun sa ba. Domin hoton takardu a yi amfani da TIFF, domin kammalallen rubutu kuma PDF/A, wanda aka tsara musamman domin doguwar ajiya a 2005.

Na biyu, ba fayil suna mai ma'ana. Sunaye irin su "sabo" da "na ƙarshe" da "na ƙarshe 2" ba sa gaya wa kowa komai. A fara da lambar harshe, sai kwanan wata daga shekara zuwa rana, sai nau'in abu, sai lamba. Misali: hau_20240315_tatsuniya_01. A sunan fayil kaɗai nake ba da shawarar a guji ƙugiya da tazara, saboda wasu na'urori suna rikita su.

Na uku, rubuta bayanin kowane fayil. Wannan shi ne matakin da aka fi wasa da shi, alhali shi ne ya fi muhimmanci. A buɗe jadawali a rubuta: wa ya yi magana, shekarunsa, namiji ne ko mace, garin da ya tashi, karin harshensa, wurin da aka ɗauka, rana, wanda ya ɗauka, da na'urar da aka yi amfani da ita. Muryar da ba a san mai ita ba, ba a san garinsa ba, ba ta da amfani ga mai nazarin karin harshe, komai kyawunta. Masu ma'adanai suna da tsari na irin wannan bayani mai suna Dublin Core, wanda aka fara a 1995, mai ginshiƙai 15. Wanda ya duba shi zai ga yawancinsu tambayoyin nan ne da na lissafa.

Na huɗu, yin kwafi uku. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ajiya biyu daban-daban, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa. Ga ɗalibi, wannan na iya zama kwamfuta, da rumbun waje, da ma'ajiyar intanet. In kuwa kwamfutar da rumbun a jaka ɗaya suke, ɓarawo ɗaya ko ruwan sama ɗaya ya ishe su.

Na biyar, kada a taɓa na asali. A ware fayil ɗin farko a ajiye shi yadda ya fito daga na'ura, duk wani yanka ko gyara a yi shi a kan kwafi. Haka kuma a lura cewa hoto ko bidiyon da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage ingancinsa. Abin da ya iso wa abokinka ba shi ne na asali ba.

Na shida, duba ajiya lokaci-lokaci. Aƙalla sau ɗaya a shekara a jona rumbun, a buɗe wasu fayiloli a ga ko suna aiki. Bayan 'yan shekaru kuma a kwashe zuwa sabon rumbu tun tsohon bai nuna gajiya ba.

Na bakwai, neman izini da riƙon amana. Kafin a ɗauki muryar mutum a gaya masa abin da za a yi da ita, da wanda zai iya saurare, a kuma ɗauki amincewarsa a rubuce ko a farkon naɗin. Wani zai yarda a yi nazari da maganarsa amma kada a yaɗa ta, wani kuma zai so a sakaya sunansa. A rubuta wannan a cikin jadawalin. Tun daga 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, wanda ya buɗe maka bakinsa amana ya ba ka.

7.0 Nauyin da Ke Kan Sashe

Ɗalibi yana gamawa ya tafi, lambar wayarsa ta canza, imel ɗinsa ya mutu. Sashe kuwa yana nan. Abin da aka saba shi ne a karɓi kundi mai bango a jera a kanta, muryoyi da hotunan da aka gina kundin a kansu kuwa su tafi da mai su. A ganina, ya dace kowane sashe ya riƙa karɓar bayanan tare da kundin, haɗe da jadawalinsu da shaidar izini, ya ajiye kwafi a wurinsa, ya miƙa wani ga ɗakin karatun jami'a. Ƙungiyar ɗalibai ma tana iya fara wannan aiki da rumbu biyu da littafin rajista ɗaya, a riƙa miƙa su daga shugabanni zuwa shugabanni. Idan sashe yana yaye ɗalibai ashirin a shekara, kowanne ya bar hirar awa biyar, a shekara goma an tara awa dubu na magana daga bakin jama'a. Wannan taska ce da masu nazarin harshe na gaba za su yi ta godiya a kanta.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa bayanan kwamfuta suna salwanta ta hanyar tsufan na'ura, da lalacewar abin ajiya, da sakaci, da dogaro da wuri ɗaya. Mun ga yadda haruffa masu ƙugiya ke rikiɗewa in ba a bi tsarin da ya dace ba. Mun kuma duba dabarun ma'adanai, da matakai bakwai da ɗalibi zai bi. Yawancin matakan nan ba kuɗi suke ci ba, natsuwa da tsari suke buƙata.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, kada a jira sai an kai aji huɗu. Duk wanda ke da wata murya ko hoto mai muhimmanci a wayarsa, ya ba shi suna a yau, ya rubuta bayaninsa, ya yi masa kwafi. Tsohuwar da ta ba ka tatsuniya da dattijon da ya ba ka tarihin garinsu sun sauke nasu nauyin. Saura namu, mu tabbatar maganarsu ta isa ga waɗanda za su zo bayanmu. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.